Ga Mai Son Buga Wasan Labari Ya Sayar a Maradi

Wani ƙanenmu daga unguwar Zariya, nan cikin Maradi, ya aiko da tambaya mai tsawo. Shi da abokansa uku sun rubuta wasan labari, irin wanda ake zama a kewaye, mutum ɗaya yana jan labarin, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikinsa yana faɗin abin da zai aikata, sannan a jefa ɗan ludo a ga ko abin ya yiwu ko ya ci tura. Sun ɗora nasu a kan zamanin fatake, ayarin da ke kai gero arewa ya dawo da gishirin Bilma da dabino. Sun tara sefa 600,000, suna so su buga kwafi 1,000 mai launi da bango mai kauri, su buɗe shafin Facebook, in da hali kuma su nemi ƙarin kuɗi a Kickstarter, shafin intanet da ake tara kuɗin aiki daga jama'a kafin a yi shi. Yana tambaya ta ina za su fara, nawa za su sa farashi, kuma ta yaya za su tallata.

Ƙanena, Allah Ya sa albarka a wannan aiki. Na ji daɗin zaɓin da kuka yi na labarin fatake, domin namu ne, kuma akwai duk abin da wasa ke buƙata a cikinsa: tafiya, ciniki, ƙishirwa, ƴan fashi, amana da cin amana. Amma ku dakata da maganar kwafi 1,000 tukuna. Dalilina yana cikin yadda wannan sana'a take tun asalinta.

Littafin wasan labari mutum ɗaya ke sayensa, biyar ko shida su more shi. Kamar butar shayi ce a fada, mai ita ɗaya ne, masu sha goma. Wanda ke saye shi ne mai jan wasan, mu kira shi madugu tunda ayari kuke ja. Shi ne zai zauna ya karanta dokoki, ya shirya labarin daren, ya kira abokai, ya jure surutunsu. Ka lura da kyau in kun zauna wasa a fadarku: masu wasa ba sa taɓa littafin. Kowa takardarsa ɗaya a gabansa da bik, idonsa na kan bakin madugu. In aka ce rijiyar da ayari ya dogara da ita ta ƙafe, sai gardama ta kaure, wannan ya ce a koma baya, wancan ya ce a yanka raƙumi ɗaya, mai shayi ma ya manta da buta a kan gawayi. Duk wannan daɗin daga bakin mutum ɗaya ya fito, kuma shi kaɗai ne ya ba ku kuɗi. Saboda haka yawan littafin da za ku sayar a Maradi ba zai wuce yawan madugan da ke Maradi ba. Yau su nawa ne? Ku huɗu, wataƙila da wasu biyu da kuka koya wa. To, wa zai sayi sauran?

Wasan da ya buɗe wannan hanya, Dungeons & Dragons, ya fito a Amurka a 1974, aikin Gary Gygax da Dave Arneson, a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna TSR. Bugun farko kwafi 1,000 ne, daidai da abin da kuke niyya, kuma sai da ya kusa shekara kafin ya ƙare. Wannan fa a ƙasar da tuni akwai ƙungiyoyin masu wasannin yaƙi na tebur, da mujallunsu, da taron shekara-shekara na Gen Con wanda aka fara tun 1968. Sun tarar da masu saye a zaune suna jira. Ku kuwa sai kun samar da masu sayen da kanku, kuma nan ne mafi yawan kuɗinku da lokacinku ya kamata su tafi a shekarar farko.

Yadda ake samar da madugu ba shi da wuya, sai dai yana cin ƙafa. Ku je wurin mutane, ku ja musu wasa sau ɗaya kyauta, gani ya kori ji. A kowane zama za ka ga mutum guda da ya fi kowa tambaya, wanda bayan an tashi zai tsaya ya ce, "To in da na ƙi biyan kuɗin fito, da mi zai faru?" Shi ne naka. Ka ba shi takardun dokoki, ka zauna kusa da shi ranar da zai ja nasa na farko, ka yi shiru sai in ya waiwayo ka. Wuraren nema suna da yawa: ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kulob-kulob na lise, ƴan sikawut, gidan matasa da al'adu, malaman lakwal da ke neman abin da za su shagaltar da yara ranar da babu aji. Kuma kada ku manta da mata. Su ne mafi yawan masu karanta littattafan Hausa na hikaya, kuma tun fil azal tatsuniya a bakinsu take. Yarinyar da ta iya riƙe ƙannenta da labarin Gizo da Ƙoƙi har su yi barci ta riga ta iya rabin aikin madugu. Ku koya wa ƴan'uwanku mata, su ja wa ƙawayensu a cikin gida, a zamansu na kansu. In kuka tsaya a fadar samari kawai kun bar rabin kasuwa.

Tsawon wasan ma sai ya dace da zaman mutanenmu. A Turai ana zama awa huɗu a kan tebur, a nan ba mai ba ka wannan. Ku yanka kowane labari ya ƙare cikin zagaye uku na shayi, ko ya shiga tsakanin la'asar da magariba ba tare da an katse shi a tsakiya ba. Wasan da kiran salla ya tarar da shi a rabi, da wuya a dawo kansa.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi, wadda ba ka ambata ba a tambayarka: ɗan ludo. Maradi gari ne na malamai da ƴan kasuwa masu riƙo da addini, kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi gargaɗi mai tsanani a kan wasan nardi, wanda ake yi da irin wannan abin jefawa. Malamai da yawa sun tafi a kan hana shi ko da babu kuɗi a ciki. Na san za ka ce ai ana ludo a gidaje. Haka ne, amma mai sayen ludo ba ya neman izinin diraktan lakwal, kai kuwa za ka nema. Uban da zai leƙo zaure ya ga samari shida a kewaye ana jefa abu mai ɗigo-ɗigo, kalma ɗaya ce za ta zo bakinsa, caca, kuma daga ranar ɗansa ba zai sake zuwa ba. In wannan suna ya manne wa wasanku a unguwa biyu, babu tallar da za ta wanke shi.

Ba ku ne farkon waɗanda suka gamu da irin wannan ba. A shekarun 1980 iyaye da malaman coci a Amurka sun taso wa Dungeons & Dragons, suna cewa yana koya wa yara tsafi, har wata uwa mai suna Patricia Pulling ta kafa ƙungiya musamman don yaƙarsa a 1983. Da TSR ta fitar da sabon bugu a 1989, sai ta cire sunayen shaiɗanu daga littattafan. Su sun gyara ne bayan wuta ta kama. Ku kuna da damar gyarawa tun littafi bai je maɗaba'a ba.

Shawarata ita ce ku cire jifan gaba ɗaya. Akwai wasannin labari da ba a jefa komai a cikinsu, ɗaya ya fito tun 1991 mai suna Amber, kuma ya samu masoya. Ga wata hanya da za ku iya gwadawa a daren nan. Kowane mai wasa ya fara zango da ƙwallayen dabino bakwai, su ne ƙarfinsa da guzurinsa. In ya zo zai yi abu mai hatsari, sai ya yanke nawa zai kashe a kai, madugu kuma ya riga ya rubuta nauyin abin a takardarsa. In abin da ya sa ya kai, ya yi nasara. Amma ƙwallon da ya fita ya fita ke nan, ba ya dawowa sai an sauka zango na gaba. Nan take wasan ya koma na tattali da lissafi. Wanda ya zubar da biyar wajen fafatawa da ɓarawon raƙumi da safe, in guguwa ta taso da yamma biyu suka rage masa, sai ya roƙi abokin tafiya. Wannan ya fi kama da rayuwar fatake, kuma mutanen da suka tashi da dara sun saba da wasan da tunani ke ci. Ga kuma riba ta kasuwanci: babu abin da za ku yi odarsa daga waje, kayan wasa na nan a kowane gida. Ku rubuta a shafin farko da manyan baƙaƙe cewa ba a sa kuɗi ko wani abin cin juna a wannan wasa, kuma kada ku yarda a ja shi a wurin da ake karta ta kuɗi. Kafin ku buga, ku ɗauki rubutun ku kai wa malamin unguwarku cikin ladabi, ya duba, ya faɗi abin da ya gani. In ya ce a gyara wani wuri, a gyara.

Haka abin da ke cikin labarin. Ku yi hattara da bori da tsafi, kada su zama abin da mai wasa ke samun ƙarfi da shi. Ku yi hattara da tarihin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 tsakanin Maradi da Tsibiri a gefe guda da Sakkwato a ɗaya gefen. Jikokin waɗancan sarakuna na nan da ransu, a kan karagunsu, kuma kuna so ku sayar a ɓangarorin biyu na iyaka. Ku ƙirƙiri garuruwanku da sarakunanku, ku bar hanya da hamada da kasuwanni su zama na gaskiya.

Sai siffar littafin. Ku bar kallon manyan littattafan Amurka masu shafi 300 da bango mai kauri, ku dubi abin da Japan ta yi. A can a 1989 aka fitar da wani wasa mai suna Sword World a matsayin ƙaramin littafin aljihu mai araha, ana sayar da shi a kantin littattafai na yau da kullum, kuma an tsara shi yadda ba ya buƙatar kayan wasa na musamman da sai an nemo daga waje. Ya zama wasan da ya fi yaɗuwa a ƙasar na tsawon shekaru. Kafin nan ma, tun 1986, wata mujalla ta can ta riƙa buga rubutaccen zaman wasa, wane ya ce kaza, mai jan wasa ya amsa da kaza, mutane suna karantawa kamar hikaya, suna koyon wasan ba tare da sun sani ba. Abubuwan nan biyu duka za su yi aiki a nan. Ku yi littafi girman littattafan hikaya na Kano da kowa ya saba riƙewa, shafi 32 zuwa 48, ciki baƙi da fari, bango kaɗai mai launi. Labari ɗaya cikakke a ciki wanda sabon madugu zai iya ja daren da ya saya, da mutane shida da aka riga aka tsara don masu wasa su zaɓa.

Maimakon mujalla kuwa, muna da murya. Da yawa daga cikin waɗanda za su so wasanku ba sa karatu da sauri, wasu ma da Faransanci suka yi lakwal, Hausar boko na yi musu tuntuɓe. Amma kowa na sauraren saƙon murya. Ku naɗi zaman wasanku da waya mai kyau a ɗaki marar hayaniya, ku yanka shi gutsure-gutsure na minti biyar zuwa bakwai, kowane ya tsaya a inda rai ke son jin ci gaba, ku sake su a WhatsApp ɗaya bayan ɗaya. In kun samu fili a wani gidan rediyo mai zaman kansa, ko na rabin awa ne a mako, ya fi muku shafin Facebook nesa ba kusa ba. A Amurka ma abin da ya farfaɗo da wannan sana'a a shekarun baya shi ne kallon wasu na wasa a intanet, kamar shirin Critical Role da ya fara a 2015. Mutum ba ya gane wasan labari daga bayani, sai ya ji ana yi. Shafin Facebook ku buɗe, ba laifi, amma kada ku kashe ko dala wajen sayen talla a can yanzu.

Mu zo kan farashi. Ƙa'idar da masu buga wasanni suka daɗe suna bi ita ce kuɗin buga kwafi ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na farashin da mai saye zai biya. A ƙasashen da ake bi ta hannun manyan dillalai, mai bugawa kashi 40 cikin 100 kawai yake karɓa na farashin bango, shi ya sa. Bari in yi maka misali, kai kuma ka je maɗaba'a ka sa farashin yau a gurbinsa. A ce kwafi ɗaya ya tsaya muku sefa 300, ku sayar 1,500. Mai kanti ko madugun da ya sayar ya ɗauki 450. Ku ware 150 don kuɗin mota da kwafin da zai lalace ko a bayar kyauta. Saura 600. In kun biya mai zane 90,000, sai kun sayar da kwafi 150 kafin kuɗinsa ya fito, abin da ya biyo baya ne ribarku. Ka ga ke nan bugun farko na kwafi 200 ba zai sa ku kuɗi ba, kuma ba don haka ake yinsa ba. Ana yinsa ne don a san ko akwai kasuwa, a kuma gano kurakuran da ba a gani sai littafi ya shiga hannun baƙo. Mai maɗaba'a zai ce maka in ka buga 1,000 kowane kwafi zai fi sauƙi, kuma gaskiya ya faɗa, tunda kuɗin faranti ɗaya ne ko kaɗan ko da yawa. Amma kwafi 800 da ke jibge a ɗaki, damina ta zo, gara ta samu, ga kuma doka guda da kuka gano ba ta aiki a shafi na 12, wannan arahar ta zama tsada. A cikin 600,000 ɗinku, ni da zan raba, abin da zai tafi bugu da zane ba zai kai rabi ba. Wani kaso na yawon koyarwa ne, kuɗin kabu-kabu da shayi da sukari da fotokofi. Kashi ɗaya cikin uku kuma a ajiye shi kada a taɓa, na bugu na biyu ne.

Za a ce muku ku buga a Kano ya fi araha, musamman tun da naira ta faɗi bayan 2023, alhali sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957 duk yuro ɗaya. Sau da yawa haka ne. Sai dai ku tuna Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an kuma sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har cikin 2024. Kaya na iya maƙalewa a wancan gefen Ɗan Isa wata da watanni. Ƙaramin bugu ku yi shi nan gida inda za ku tsaya a kan mai injin ku duba shafi-shafi. In kasuwar Katsina da Kano ta buɗe muku, kuma ita ce babbar kasuwar Hausa, Katsina ma ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, to na can a buga shi can, a sayar can, ta hannun mutum amintacce. Kada ku buga farashin naira a bango, domin zai tsufa kafin littafin ya ƙare.

Game da ba masu kanti kaya bashi, ku ji abin da ya faru da TSR ɗin nan. A tsakiyar shekarun 1990 ta riƙa fitar da duniyoyin wasa iri-iri, kowace da jerin littattafanta, masu sayenta suka rarrabu, kowane littafi ya koma yana sayuwa kaɗan. Ga shi kuma tana tura kaya ga babban dillali tana karɓar kuɗi tun ba a sayar ba. Da aka dawo mata da tarin abin da ya yi kwantai, ta kasa biyan maɗaba'a, a 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye ta. Kamfanin da ya ƙirƙiro sana'ar ke nan. Ku tsaya a kan duniya ɗaya, ta fatake, har ta kafu, ko da wani cikinku ya zo da sabon tunani mai daɗi na wasan ƴan sama jannati. Kuma littafin da ke kan kantar wani ba a sayar ba, kada ku lissafa shi cikin kuɗinku. Kwafi biyar-biyar za ku riƙa bari, a rubuce, in sun ƙare a biya a ƙaro. Mafi kyawun dillalanku ma madugan nan ne, domin mai wasan da ya ji daɗi har ya so ya ja nasa, a hannun madugunsa zai nema.

Za a yi fotokofin littafinku, za a ɗauki hotonsa a tura ta waya. Wannan babu makawa, kada ku ɓata rai a kansa. Ku riga su: ku fitar da dokokin asali a shafi huɗu, kyauta, ku ce kowa ya tura wa kowa. Abin da za ku sayar shi ne abin da madugu ke buƙata kowane wata, wato sabon labari. Madugu na gajiya da ƙirƙira, ranar Alhamis ta zo abokai na jira shi kuwa ba shi da komai a kai. In ya san duk farkon wata akwai sabon zango na shafi takwas, da taswira, da sabbin mutane, a kan sefa 250 ko 300, zai biya. Marubutan hikayar Hausa sun riga sun share wannan hanya, suna da zaurukan WhatsApp da sai an biya ake shiga, ana sakin labari kashi-kashi. Ku yi irin nasu, a biya ta Nita ko Amana ko kuɗin waya irin su Airtel Money. Madugai 60 masu biya kowane wata sun fi muku mutum 600 da suka saya sau ɗaya suka ajiye.

Kickstarter kuwa ku cire shi daga lissafi. Ba ya karɓar masu neman kuɗi daga Nijar, sai wanda ke da zama da asusun banki a ɗaya daga cikin ƙasashen da ya lissafa, kuma babu ƙasar Afirka a ciki. Labaran da kuke ji, irin wasan Avatar Legends da ya tara sama da dala miliyan 9 na Amurka a 2021, sun faru ne don miliyoyin mutane sun riga sun san labarin daga talabijin. Amma dabarar da ke ƙarƙashinsa, a karɓi kuɗi kafin a buga, za ku iya yinta a gida. In bugu na biyu ya zo, ku ce duk wanda ya biya tun yanzu zai samu a kan 1,200 kuma sunansa zai fito a shafin godiya. Ku faɗi ranar da littafi zai fito, ku ƙara wata guda a kan abin da kuke zato, ku cika alkawari. A garin da kowa ya san gidan kowa, saɓa alkawari ɗaya ya isa. Daga baya, in wasan ya tsaya da ƙafarsa, fassarar Faransanci ko Ingilishi za ta iya shiga kasuwannin intanet irin su itch.io ko DriveThruRPG, a DriveThruRPG ɗin mai littafi na karɓar kashi 65 cikin 100, ko 70 in a can kaɗai yake sayarwa. Masu wasa a waje na neman labaran da ba na jaruman Turai ba. Kafin ku ɗora, ku tabbatar da hanyar da kuɗin za su iso hannunku a Maradi.

Akwai takardu da ya kamata ku yi tun zumunci na da daɗi. Ku huɗu ku zauna ku rubuta wa ya sa nawa, wa ke da kashi nawa, wa ke riƙe kuɗi, in ɗaya ya tafi karatu Yamai ko ya fasa yaya za a yi da rabonsa, ku sa hannu gaban manya biyu. Mai zane ma a rubuta ko kuɗin da aka ba shi na bugu ɗaya ne ko na har abada. Rubutu da zane ku kai su ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA. Sunan wasan da tambarinsa kuwa ta hannun OAPI, hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, ake musu rajista, wadda ke da hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta rufe ƙasashe 17, amma Najeriya ba ta ciki, tata daban ce. Wannan na iya jira har ku ga sunan ya fara daraja. Ku sani dai doka na kare kalmominku da zanenku ne, dabarar wasan kanta kowa na iya ɗauka ya sake rubutawa da bakinsa. Ni ina ganin ku ma ku buɗe ƙofa: ku rubuta a fili cewa duk madugun da ya ƙirƙiri labari don wasanku yana iya bugawa ya sayar, muddin ya ambaci sunan wasan kuma ya kiyaye sharuɗɗanku na tarbiyya. Wizards of the Coast ta yi haka a 2000, kamfanoni da dama suka tsiro a gindinta suna ƙara wa wasanta kasuwa. Da ta yi yunƙurin janye izinin a Janairun 2023, masu wasa suka yi mata ca har ta ja da baya cikin makonni. In kun ba da izini, ku ba da shi da niyyar ba za ku karɓe ba.

Lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci za ku buƙace su ranar da wata lakwal mai zaman kanta ko wata ƙungiya ta ce tana son kwafi 50, domin ba za su biya ba sai da faktir. Wannan kasuwa na iya buɗewa, tunda kundin sake gina ƙasa da gwamnatin Nijar ta ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma abin karantawa na Hausa da yara za su so da kansu ba shi da yawa. In ƙungiya ta zo da kuɗi ta ce a mayar da wasan na wayar da kai a kan wani abu, ku karɓi aikin, ku yi mata littafinta daban da wani suna, ku bar na fatake yadda yake.

Abin da za ku riƙa ƙirgawa a kaye, ban da kuɗi, shi ne zaman da aka yi ba ku nan. Duk madugu ya turo muku saƙo bayan wasa: mutum nawa suka zo, wane labari, ina aka maƙale. In kun ga fada 20 ko 30 sun zauna sau uku a jere babu ɗayanku a wurin, lokacin bugu na biyu ya yi, kuma a lokacin za ku iya maganar 500. In an zauna sau ɗaya an watse, akwai abin gyara a wasan, ku koma ku zauna da waɗanda suka daina ku tambaye su dalili.

Lokacin fitarwa ma ku zaɓe shi. Kada ku fitar cikin azumi, dararen na ibada ne. Kada ku fitar a watan Mayu ko Yuni, ɗalibai na fama da shirin jarrabawa. Ku yi yawon koyar da madugai tun daga sanyi, littafi ya fito farkon babban hutu a Yuli lokacin da samari ke zaune babu abin yi, labaran wata-wata su riƙe su har a koma aji a Oktoba, bugu na biyu kuma ya faɗo cikin kaka, sa'ar da kuɗi ke hannun mutane.